Hukumar makarantar 'ya'yana a Amurka ta ce batun cikin gida ne: ina da hurumin ganin takardunta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka da 'ya'yana uku, dukansu suna makarantar gwamnati. Kwatsam muka ji wai hukumar makarantun gundumarmu za ta rufe firamaren unguwarmu ta haɗe ta da wata mai nisa, kuma an canza kamfanin motocin da ke ɗaukar yara. Na je ofishinsu na tambayi dalili, matar da ke wurin ta ce min batun cikin gida ne. Ni ban zama 'yar ƙasa ba tukuna, katin zama nake da shi. Ina da hurumin ganin takardunsu, ko in haƙura?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kada ki haƙura. Na daɗe ina zama a tarukan irin waɗannan hukumomi, ina kuma taya iyaye rubuta takardar neman bayanai, kuma abin da aka faɗa miki a ofishin nan na sha jin irinsa. A doka, takardun hukumar makarantu na jama'a ne. Idan hukuma tana son ɓoye wata takarda, ita ce za ta kawo sashen dokar da ya ba ta dama. Ke ba a ɗora miki kawo hujjar dalilin da ya sa kike son gani ba.

Amma akwai wani abu a yadda kika yi tambayar da ya sauƙaƙa musu sallamarki. Kin tambayi dalili. Dokar bayanan jama'a ba ta tilasta wa ma'aikaci ya zauna ya yi miki bayani, ba ta kuma tilasta masa ya rubuta sabuwar takarda domin ke. Abin da ta tilasta shi ne ya miƙa miki takardar da take nan a ajiye. Wanda ya ce "me ya sa za ku rufe makarantarmu" ana iya ba shi haƙuri a raka shi ƙofa. Wanda ya ce "ina neman rahoton ƙidayar ɗalibai da aka gabatar wa mambobi kafin a kawo shawarar rufe makarantar" dole a ba shi amsa a rubuce. Duk sauran abin da zan faɗa a kan wannan bambancin ya ginu.

Bari mu san wa muke magana da shi tukuna. Amurka tana da gundumomin makarantu kusan 13,000, kusan kowacce da hukumarta. Mambobi yawanci biyar zuwa tara ne, akasari zaɓensu ake yi, kuma da yawansu ba su da albashi ko kuma ɗan alawus kaɗan suke karɓa. Mutane ne masu sana'o'insu da rana, da dare su zo taro. Su ne suke ɗaukar babban jami'in gudanarwa, wanda ake kira sufuritanda, su amince da kasafin kuɗi, su sa hannu a manyan kwangiloli, su yanke shawarar buɗe makaranta ko rufe ta. A wasu manyan birane kamar Niyok da Boston, magajin gari ne ke da ƙarfin naɗi. Kuɗin kuwa mafi yawansa daga baitulmalin jiha da harajin gidaje da filaye yake fitowa, gwamnatin tarayya kusan kashi ɗaya cikin goma take bayarwa. Ko haya kike zaune, harajin gidan yana cikin kuɗin hayar da kike biya duk wata. Kuɗinki ne ake kashewa.

Kuskuren da mutanenmu suka fi yi shi ne su rubuta cewa suna nema a ƙarƙashin dokar FOIA, wato dokar 'yancin samun bayanai ta tarayya, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1966. Wannan doka hukumomin tarayya kaɗai ta shafa. Hukumar makarantu tana ƙarƙashin dokar jiharta ne, kuma kowace jiha a cikin 50 tana da dokoki iri biyu: ta buɗe taruka ga jama'a, da ta buɗe takardu. Ba ki faɗa min jiharku ba, don haka zan riƙa kawo misalai daga wurare daban-daban, ke kuma ki duba taku, domin wa'adi da ƙa'idoji sun sha bamban sosai.

Batun katin zama kada ya dame ki. Yawancin jihohi dokarsu cewa ta yi "kowane mutum" yana iya nema. A Ohayo ba dole ba ne ma ki faɗi sunanki. Akwai 'yan jihohi, kamar Bajiniya da Tenesi, da suka keɓe haƙƙin ga mutanen jihar, kuma Kotun Ƙoli ta amince wa Bajiniya da hakan a 2013. Manufar wannan ƙa'ida ita ce raba mazaunin jihar da na wata jiha. Idan har wani ya kawo miki cikas ta nan, maƙwabciya ko wata uwa 'yar ƙasa tana iya sa sunanta a takardar, magana ta ƙare. Taron hukuma kuwa a buɗe yake ga duk wanda ya shigo. A Kalifoniya doka ta hana a tilasta wa mutum rubuta sunansa kafin ya zauna ya saurara.

Yanzu ga inda nake so ki fi mai da hankali. Mutane suna zaton sirrin hukuma yana cikin wata durowa a kulle. A abin da na gani, mafi yawan abin da iyaye ke nema yana nan a fili, an wallafa shi, babu dai wanda ya karanta. Kafin kowane taro ana fitar da ajanda. Dokar Brown ta Kalifoniya, wadda take nan tun 1953, ta ce a liƙa ajandar awa 72 kafin zama na yau da kullum, awa 24 kafin zama na musamman. A Ilinoi awa 48 ne. Tare da ajandar akwai kundin takardun da aka raba wa mambobi, wanda kan kai shafi ɗaruruwa: kwafin kwangiloli, shawarwarin ma'aikata, taswirar iyakokin makarantu, lissafin kuɗi. Gundumomi da yawa suna ɗora shi a shafinsu na intanet. Ina da yaƙinin maganar rufe makarantarku ba a dare ɗaya ta faɗo ba. Ki koma baya wata goma sha biyu ki bi ajandojin ɗaya bayan ɗaya, musamman na ƙananan kwamitoci, na gine-gine da na kuɗi. Can ake dafa magana, babban taro sau da yawa zubawa kawai ake yi.

A cikin ajandar akwai wani sashe da ake tara abubuwa da yawa a amince da su a dunƙule, da ƙuri'a ɗaya, ba tare da muhawara ba. An yi shi ne don ƙananan lamura kamar amincewa da bayanin taron baya ko biyan kuɗin wuta, kuma yana da amfani, in ba haka ba taro sai ya kai asuba. Sai dai nan ne kwangilar miliyoyin daloli kan shige shiru. Kwangilar motocinku, ki fara neman ta a nan. Kowane mamba yakan iya cewa a cire abu daga dunƙulen a tattauna shi daban, shi ya sa saƙo guda zuwa ga mamba ɗaya kafin taro yake iya yin tasirin da ihun mutum hamsin bayan taro ba zai yi ba.

Abin da ya faru a Shikago yana nuna nauyin wannan. A 2013, shekarar da aka rufe makarantu kusan 50 a birnin da hujjar ƙarancin ɗalibai da kuɗi, hukumar makarantun ta amince da kwangilar dala miliyan 20.5 ta horar da shugabannin makarantu, ba tare da an buɗe gasa ba. Wata 'yar jarida, Sarah Karp, ta duba takardun ta lura cewa shugabar makarantun birnin, Barbara Byrd-Bennett, ta taɓa yi wa kamfanin da aka ba kwangilar aiki. Daga nan bincike ya biyo baya. Shugabar ta amsa laifinta a 2015, aka yanke mata ɗaurin shekara huɗu da rabi a 2017. A taron da kowa zai iya shiga aka amince da kwangilar. Mutum ɗaya ne ya tsaya ya karanta ya haɗa wannan da wancan.

Sai zaman sirri. Doka ta yarda hukuma ta rufe ƙofa a kan wasu batutuwa ƙididdigaggu: shari'ar da take kotu ko ake shirin shiga, ladabtar da wani ma'aikaci ko ɗalibi, cinikin fili ko gini, tattaunawar albashi da ƙungiyar malamai. Ni ina ganin wannan daidai ne. Malamin da aka yi wa zargi bai kamata a baje kolinsa a gaban jama'a ba tun kafin a tabbatar, hukuma kuma ba za ta faɗi iyakar farashin da za ta iya biya a gaban mai sayar da fili ba. Amma zaman sirri yana da ƙa'ida. A Niyok sai an kawo ƙuduri a buɗaɗɗen taro, an faɗi batun da za a shiga a kansa, mafi rinjaye sun amince. A Ilinoi dole a naɗi sautin zaman a ajiye aƙalla wata 18, don alƙali ya iya saurara idan an yi ƙorafi. A Kalifoniya dole a fito a sanar da matakin da aka ɗauka a ciki. Shawarar rufe makaranta, wadda ta shafi tsarin ilimin unguwa gaba ɗaya, ba ta cikin jerin abubuwan da aka saba yarda a tattauna a ɓoye. Idan kika ga bayanin taro ya nuna an shiga sirri na awa biyu, aka fito aka kaɗa ƙuri'a cikin minti ɗaya babu wanda ya ce uffan, to da walakin goro a miya, kuma kina da dalilin tambaya.

Rufa-rufa, ko da kyakkyawar niyya aka yi ta, tsadarta yawa gare ta. A Roslyn, wata gunduma ta masu hali a jihar Niyok, hukuma ta gano a 2002 cewa wata babbar jami'a ta ci kusan dala 250,000. Sai aka yi shiru, aka bar ta ta biya ta ajiye aiki, don kada sunan makarantun ya ɓaci. A 2004 jaridar ɗaliban sakandaren ta tono maganar. Da mai binciken kuɗi na jiha ya shigo, sai ga dala miliyan 11.2 sun salwanta, kuma shi kansa sufuritandan, Frank Tassone, yana ciki, har aka ɗaure shi. Bayan haka ne jihar ta yi dokoki a 2005 da suka tsaurara binciken kuɗin makarantu suka kuma wajabta wa mambobi horo a kan sa ido kan kuɗi. Mambobin da suka yi shirun suna ganin mutuncin gundumarsu suke karewa.

Akwai kuma taron da ba a kira shi taro ba. Mamba na ɗaya ya kira na biyu, na biyu ya kira na uku, har a haɗa rinjaye ta waya ko ta saƙonni, ranar zama sai ɗaga hannu kawai. Jihohi da yawa sun haramta wannan. Fulorida ta fi kowa tsanani: dokarta ta 1967 ta sa ko mambobi biyu ne suka tattauna batun da zai zo gaban hukuma, ana ɗaukarsa zama ne da dole a buɗe wa jama'a.

To ga yadda za ki rubuta. Ki nemi sunan jami'in da ke kula da takardu a shafin gundumar, ki aika masa ta imel domin kwanan wata ya zama shaida. Ki taƙaita, ki guji zargi da faɗa. Abu kamar haka, da Turanci, ko wani ya taya ki juyawa: a ƙarƙashin dokar bayanan jama'a ta jihar nan, ina neman kwafin duk rahoto, ƙidayar ɗalibai, binciken lafiyar gini da lissafin kuɗi da aka bai wa mambobi game da rufe makaranta kaza, daga watan kaza zuwa yau. Ina so a turo min ta imel. Idan za a hana ni wani sashe, a faɗa min sashen dokar da aka dogara da shi, a kuma ba ni ragowar. Idan kuɗin zai wuce dala kaza, a sanar da ni kafin a fara.

Batun motoci ki raba shi a takarda ta daban, don kada jinkirin ɗaya ya riƙe ɗaya. Ki nemi sanarwar neman 'yan kwangila, jerin kamfanonin da suka nema da farashin kowanne, takardar makin da kwamitin tantancewa ya ba su, da kwangilar da aka sa wa hannu. Takardar makin nan ita ce zuciyar lamarin. Ita za ta nuna miki ko wanda ya fi araha aka ɗauka, in kuma ba shi ba ne, wane dalili aka rubuta.

Saƙonnin imel na jami'ai su ma takardun jama'a ne, amma nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Wanda ya ce a ba shi "duk imel ɗin da ya shafi makarantarmu" ya buɗe ƙofar da za a ce masa aikin zai ci wata shida da dala dubbai. Ki ambaci mutum biyu ko uku, ki sa iyakar kwanaki, ki ba da kalmomi biyu ko uku da za a bincika. Amfaninsa ba kaɗan ba ne. A Los Anjelis, imel ɗin da wata tashar rediyo ta samu ta wannan hanya a 2014 su suka nuna cewa shugaban makarantun birnin ya daɗe yana tuntuɓar kamfanonin Apple da Pearson kafin a buɗe gasar kwangilar raba wa ɗalibai iPad, shirin da ya haura dala biliyan ɗaya. Ba a gurfanar da shi a kotu ba, amma an dakatar da kwangilar, shi kuma ya ajiye aiki a shekarar. Kada kuma a ce miki saƙon a wayar mutum ta kansa yake. Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke a 2017 cewa saƙon da ya shafi aikin hukuma na jama'a ne ko da a asusun jami'i na kansa aka rubuta shi, kuma wasu jihohi suna kan irin wannan matsayi. Ki rubuta a fili cewa neman naki ya haɗa da wayoyi da asusun kai.

Wa'adi ya danganta da jiha. A Niyok, Ilinoi da Fensilbeniya kwana biyar na aiki ne kafin amsar farko. A Kalifoniya kwana 10 ne, ana iya ƙara 14. A Teksas, idan gunduma tana son hanawa, yawanci dole ta nemi hukuncin Antoni Janar na jiha cikin kwana 10 na aiki. Ki lura, amsar farko sau da yawa "mun karɓa" ce kawai, takardun kan biyo baya. Kuɗi kuma ba ya da yawa idan kin taƙaita: Niyok ta ƙayyade santi 25 a shafi, Ilinoi shafi 50 na farko kyauta, kuma zuwa ofis a duba da ido yawanci ba a biya.

Idan an hana, ba lallai sai kin ɗauki lauya ba. A Niyok kina da kwana 30 ki ɗaukaka ƙara a cikin gundumar, akwai kuma kwamitin jiha mai ba da shawara kan buɗaɗɗen mulki. A Ilinoi akwai jami'i na musamman a ofishin Antoni Janar da ake kai wa ƙorafi cikin kwana 60, kyauta. Fensilbeniya tana da ofishi mai zaman kansa don wannan aiki. A Ohayo dala 25 ake biya a shigar da ƙorafi a wata kotu ta musamman. Na sha ganin takardar da aka ce ba za a bayar ba ta fito bayan saƙo na biyu mai layi uku, wanda ya ambaci lambar sashen doka da ranar da wa'adi ya cika.

Za ki ji sunan FERPA, don haka ki san ta. Doka ce ta tarayya ta 1974 da ke kare bayanan karatun ɗalibi: makinsa, ladabtarwarsa, duk abin da ke fayil ɗinsa. Doka ce mai kyau, 'ya'yanki take karewa, kuma ita ce ta ba ki haƙƙin ganin fayil ɗin ɗanki cikin kwana 45 idan kin nema, har ya kai shekara 18 haƙƙin ya koma hannunsa. Abin da ke ɓata min rai shi ne yadda ake shimfiɗa ta a rufe abin da bai shafe ta ba. Kwangilar mota ba bayanin ɗalibi ba ce. Adadin yaran da ke kowane aji ba bayanin ɗalibi ba ne. Idan sunan yaro ya fito a wata takarda, a ƙa'ida sai a shafe sunan da abin da zai sa a gane shi, a ba ki sauran. Duk wanda ya ce miki FERPA, ki tambaye shi cikin ladabi: wane ɗalibi ne za a gane a wannan takardar, kuma me ya hana a shafe wurin?

Wani abu kuma da ya zama dole in faɗa miki, Hajiya, shi ne takardun suna iya nuna hukumar tana da gaskiya. Haihuwa ta ragu a Amurka tun bayan 2007, gundumomi da yawa sun rasa ɗalibai, kuma tallafin korona na tarayya ga makarantu, kusan dala biliyan 190, ya ƙare. Makarantar da aka gina don yara 600 tana ɗauke da 250 nauyi ce ta gaske a kan kasafi. Idan haka lissafin ya nuna, kin san inda za ki sa ƙarfinki: tsawon tafiyar mota, yawan yara a aji a sabuwar makarantar, makomar malaman da yaranki suka saba da su, abin da za a yi da ginin. Amma ki duba lissafin da idonki. Ki ga ko an cire kuɗin ƙarin motoci daga ribar da aka ce za a samu, ko an lissafa sabbin gidajen da ake ginawa a unguwar, ko an kwatanta makarantarku da wasu masu irin matsalarta da ba a taɓa ba. Tun bayan dokar ilimi ta tarayya ta 2015, jihohi suna wallafa abin da ake kashewa kan kowane ɗalibi makaranta-makaranta, don haka wannan kwatancen ba sai kin roƙi kowa ba. Ma'aikaciyar da za ta tattaro miki takardu kuma sau da yawa mutum ɗaya ce da ayyuka goma a kanta. Neman da aka tsara da kyau, da magana mai daɗi, yakan riga na mai fushi fitowa.

Daga yadda kika rubuto, kamar ba a kaɗa ƙuri'ar ƙarshe ba tukuna. Idan haka ne, lokaci ya fi komai muhimmanci, domin ba a fafa gora ranar tafiya. Yau ki buɗe shafin gundumar ki ga ranar zama na gaba. Ki aika takardun neman biyu a wannan makon. Ki tambayi ko za a yi zaman jin ra'ayin jama'a kan rufewar, domin wurare da yawa suna wajabta shi. Ki kuma tambayi ko suna kawo tafinta, in akwai iyayen da Turanci bai zauna musu ba. A taro yawanci minti biyu ko uku ake ba kowa, a wasu wuraren sai an yi rajista tun kafin a fara. Ku haɗu ku huɗu ko biyar ku raba batutuwan, kowa ya riƙe shafi ɗaya daga kundin hukumar kanta ya yi tambaya ɗaya a kai, ku kuma miƙa wa magatakarda kwafi a rubuce ku nemi a haɗa shi da bayanan taron. Idan kin turo min sunan jiharku, zan gaya miki wa'adin da ya shafe ku da ofishin da za ki kai ƙorafi in sun yi shiru.